Nairar da Agya Ntim ya gina a cikin bango

Tun muna samari nake faɗa da Kwabena Ntim, kuma ban taɓa kayar da shi ko sau ɗaya ba. Shi magini ne, ni kafinta. Shi ke tayar da bango, ni in hau in rufe, shi kuma ya tsaya a ƙasa da hannu a ƙugu, ya ɗaga kai ya ce, "Boadu, can gefen ya karkace." Ko bai karkace ba sai ya faɗa. Ni ma nakan nemi abin da zan rama da shi, amma in za a bi gaskiya bangon Ntim ba ya karkacewa. Kansa ne a karkace, kuma a haka Allah ya haɗa ni da shi.

Tare muka bar Konongo, garinmu a ƙasar Gana, muka tafi Legas lokacin da naira take naira. A Agege muka sauka kamar kowa, mu shida a ɗaki ɗaya, in mutum guda zai juya sai sauran sun juya. Ran Asabar in an biya mu, ni nakan nemi inda ake soya kifi ana kiɗan gida. Ntim kuwa sai ya sayi garin rogo da gyaɗa ya jiƙa ya sha, ya ɗaure sauran kuɗin a ƙugu. Takalmin roba ɗaya ya yi ta ɗinkewa da waya har ya zama wayar ta fi robar yawa.

"Za ka mutu da kuɗi a ƙugu, a binne ka da yunwa a ciki," nakan ce masa.

"Ci naka, Boadu. Nawa na Dufie ne."

Dufie ita ce matarsa, ya baro ta a gidan danginsa da jaririya a baya. Abin da ke cin ransa ba ɓoyayye ba ne. A wurinmu ɗan 'yar'uwar mutum ke gadonsa, ba matarsa ba. Da an gama makoki ɗaki ya zama na magaji, matar kuma ta tattara tukwanenta ta koma danginta, in tana da inda za ta. Ntim yana yaro ya ga an yi wa uwarsa haka, shi ya ɗauko mata taɓarya har tasha. Dufie kuwa ba ta da kowa sai wata gwaggo makauniya a ƙauye. Maganin abin guda ɗaya ne: namiji ya sayi fili da guminsa, ya gina, ya tara shaidu ya ce ya ba matarsa, ita kuma ta kawo kayan godiya, abin da muke kira aseda. In ya karɓa a gaban mutane magana ta ƙare, babu magajin da zai buɗe baki.

Don haka ya sayi wani ɗan fili a bayan tashar mota. Kowace Kirsimeti in mun zo gida, muna can muna yawon gaishe-gaishe da sabbin riguna, shi yana can yana jera bulo. A shekara ta bakwai ɗakuna biyu sun kai linta. Saura rufi kawai, kuma kuɗin rufin na ƙugunsa.

Sai aka wayi gari a farkon 1983 rediyo na cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Najeriya. A jirgin ruwa muka dawo daga Apapa zuwa Tema, an cusa mu kamar kifi a gwangwani. Ntim ya zuba nairarsa a wani gwangwanin madara, ya tura shi ƙarƙashin kayan aikinsa, ya zauna a kan jakar. Ko fitsari zai je sai na zauna masa a kai, kuma yana tafiya yana waiwayena, ni da muka sha garin rogo a kwano ɗaya.

Mun iske gida ya fi inda muka baro zafi. Ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye gonakin koko, sidi, kuɗin ƙasarmu, kuma kullum ƙara lalacewa yake. Ni ban yi wata-wata ba, na tafi Kumasi wajen 'yan canji a Alabar, na canza 'yan kuɗina na sayi masara. Ntim ya raka ni, ya tambayi farashi, ya gyaɗa kai, ya dawo da gwangwaninsa ko buɗewa bai yi ba. Da wata ya zagayo ya koma, ya tarar naira ta ƙara tashi. Ya dawo bakinsa har kunne.

"Ka gani? Suna kwance suna haihuwa."

"Abin da ke hannunka yau zai sayi kwanon ɗakunan nan biyu," na ce. "Sayi, in hau in rufe maka kyauta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

"Kwano kaɗai? Ƙofa fa? Tagogi masu gilashi fa? So kake in sa Dufie a rumfar kasuwa? Bari ta ƙara nuna, zuwa Ista."

Banki kuwa ko sunansa ba ya so ya ji, kuma ban ga laifinsa ba. Ba a daɗe ba da aka ce kowa ya kai takardun sidi hamsin banki, mutane suka kai suka dawo da 'yar takardar shaida, ga shi riƙe kuɗin waje a lokacin abin ɓoyo ne. A gidan dangi kuma kowa ya san ɗan Agege bai dawo hannu wofi ba. Wannan ɗansa ba lafiya, waccan kuɗin makaranta. Sai Ntim ya yi abin da magini kaɗai zai yi tunaninsa. Ya naɗe gwangwanin a leda, ya je ginin, ya cire bulo ɗaya a ɗakin ciki, ya ajiye shi, ya mayar ya shafe da siminti. Ya ce yanzu ɓarawo bai isa ba, dangi ba su isa ba, shi kansa bai isa ba.

"Kuɗi ba doya ba ne da za a binne su tsiro," na ce masa. Ya ce in jira in gani.

Istar farko ta wuce, naira na tashi, ya ce a ƙara mata shekara. Wajen Ista ta biyu ne rediyo ya sanar cewa Najeriya ta sauya wa duk takardun kuɗinta launi, ta rufe iyakokinta, ta ba mutanen cikin gida 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. Ntim ya fasa bangon a ranar, ya hau mota zuwa Aflao, iyakarmu da Togo. Can ya tarar da ɗaruruwan irinsa, 'yan kasuwa da tsofaffin 'yan Agege, kowa da ƙullinsa, labari kuma ɗaya ne: ko ka ratsa Togo da Kwatano, ƙofar Najeriya a garƙame take. Ya zauna a tashar har wa'adi ya cika. Da ya dawo bai shiga gida ba, kai tsaye ginin ya wuce, ya kwaɓa siminti ya mayar da gwangwanin inda yake.

"Ta mutu, Ntim," na ce. "Ka yi haƙuri."

"Ba ta mutu ba. Ƙofa aka rufe mata. Ranar da aka buɗe za su karɓi abinsu, ai da sa hannunsu a jiki."

Daga nan garin ya raɗa masa Agya Naira, wato Baba Naira. Yara ma sun san sunan, shi kuma yana amsawa. Duk juyin mulkin da aka yi a Najeriya, duk zaɓe, sai ka gan shi manne da rediyo, ya zo shagona ya ce wannan karon an samu mai adalci, zai tuna da mutanen da suka gina musu Legas. Na zage shi, na yi masa dariya, na yi fushi na daina magana da shi wata guda, duk a banza. Mutumin nan in ya kafe, gara ka yi gardama da turmi.

Da lafiyarsa ta ɗore, da ya rufe ginin da wasu kuɗin. Amma ba a jima ba ya faɗo daga kan wani bene da muke yi, ƙashin bayansa ya taɓu, ya yi watanni a kwance. Da ya tashi bai ƙara hawa tsani ba. Sai ƙananan ayyuka, gyaran murhu, liƙe tsagar bango, gina kabari. Abin da ya samu ya tafi a karatun 'yarsu Afrakoma, farashin kwano kuma kullum yana gaba yana bin sa a baya. Dufie ce ta riƙe gidan da sayar da dokunu, wato dafaffen ƙullun masara a ganye, da soyayyen kifi a tasha. Tun asuba hannunta na cikin ƙullun masara, ban taɓa jin ta ɗaga murya a kan maganar naira ba.

Ita ce kuma ta ga amfanin ginin. Awakin Konongo ba su bar wa kowa shuka ba, amma ba sa iya tsallake bangon Ntim. Ta sa ya kafa mata wani tsohon ƙyaure, ta zuba taki a cikin ɗakunan, ta shuka barkono da gauta da gwaza. In ka leƙa ta taga da damina sai ka ga kore shar inda ya kamata a ga gado. Ntim ba ya son kallon wurin, yakan ce abin kunyarsa ne aka yi wa ado.

Wata shekara na sauya wa wata makaranta rufi, aka bar mini tsofaffin kwanuka masu sauran ƙarfi. Na ɗora a amalanke na kai masa. Ya zagaya su, ya sa yatsa a hujin ƙusa, ya dube ni.

"Matata akuya ce?"

"Akuyar ma ai tana da rufi, Dufie ce ba ta da shi."

Bai yi magana da ni ba har aka yi girbi. Na mayar da kwanukana na yi wa kajina ɗaki.

Sau ɗaya na sami Dufie a tasha ita kaɗai, na ce, "Maame, ke ma kin cika haƙuri. Ki ce ya ba ki ginin nan a yadda yake mana, a tara shaidu a gama. In ya faɗi gobe fa?"

Ta ci gaba da naɗe dokunu a ganye ba ta ɗago ba. "Agya Boadu, in na ce ya ba ni haka, na gaya masa ke nan shekarunsa na Legas sun tafi a banza. Garin rogon da ya sha, da ni da ya bari da goyo. Kowa na iya faɗa masa, kai ma ka faɗa. Ni bakina ba zai faɗa ba."

Na sayi dokunu biyu da ban yi niyya ba, na kama hanya.

Haka muka tsufa. Wajen 2007 ƙafafun Ntim suka fara kumbura, in ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Magajinsa, Oteng, ɗan ƙanwarsa, ba mugun yaro ba ne, amma yana da 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya, kuma duk wanda ke da ido ya ga yadda yake kallon ɗakin kawunsa. Ntim ya gani, Dufie ma ta gani.

Ran nan da hantsi ina fere ƙafar kujera sai ga shi ya shigo shagona, yana haki amma idonsa na ƙyalli kamar na ango.

"Ajiye wannan tarkacen. Sun zo."

"Su wa?"

"Masu kuɗin. Mijin Afrakoma ya gani da idonsa, bankin Najeriya ya buɗe a Adum, tsakiyar Kumasi, har manajan ɗan can ne. Da ni na je ƙofarsu suka rufe. Yanzu ga su sun tako da ƙafarsu."

Na buɗe baki zan faɗi abin da na saba faɗa, sai idona ya sauka a kan ƙafafunsa da suka cika takalmin har suka zubo. Na rufe bakina, na ce yaushe za mu.

Washegari da safe muka shiga ginin, muna taka-tsantsan kada mu tattake barkonon Dufie. Shi ya nuna wurin, amma hannunsa ya kasa ɗaga guduma, ni na fasa. Simintin ya ba ni wahala, na yi ta tsine wa wanda ya kwaɓa shi, shi kuwa yana tsaye yana jin daɗi. Gwangwanin ya fito ko tsatsar kirki bai yi ba. Da ya buɗe, takardun na nan lafiya lau, a jere, sai ɗan warin daɗewa. Dufie na tsaye a bakin ƙyaure da kwando. Ta gyara masa zanensa na zuwa coci a kafaɗa, ta ce, "Mewura, a sauka lafiya," wato maigidana, yadda take kiransa tun tana amarya.

Bankin duk gilashi ne, ga sanyi kamar an buɗe firji. Muka bi layi, tsofaffi biyu da gwangwanin madara, masu kwat na ta satar kallonmu. Da muka isa kanta, Ntim ya zazzage takardun a gaban wata yarinya da ba ta kai Afrakoma ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya gaba da baya.

"Nana, wannan kuɗin wace ƙasa ne?" ta ce. Nana muke kiran dattijo a wurinmu.

"Karanta mana, 'yata. Na masu gidan nan ne."

Ta karanta, ta dube shi, ta dube ni, ta ce mu ɗan jira. Can sai ga manajan ya fito da kansa, wani Bayarabe mai suna Mista Oyelaran, ya rusuna ya gaishe mu, ya shigar da mu ofishinsa, ya sa aka kawo ruwa. Kafin Ntim ya fara magana sai ya zame zanen daga kafaɗarsa, yadda ake yi a gaban sarki ko babban dattijo. Ga yaron da bai wuce ɗan cikinsa ba ya yi wa haka. Na ji kamar in ja shi mu fita.

Da turancin Agege da ya yi tsatsa Ntim ya ba shi labari tun daga farko. Manajan bai katse shi ba. Ya zaro wata jar naira ɗaya daga cikin tarin ya riƙe ta da hannu biyu.

"Irin wannan mamata ke ba ni in sayo burodi," ya ce. "Wajen wata 'yar ƙasarku ma muke saya. A Agege na tashi, Baba."

Nan Ntim ya manta da abin da ya kawo shi. Ya shiga kwatanta masa wani bene mai lanƙwasasshiyar matakala a hanyar mayanka, ya ce shi ya zuba matakalar da hannunsa. Manajan ya ce kamar ya san gidan, yana nan tsaye, akwai mai sayar da magani a ƙasa. Ko ya sani ko bai sani ba, Allah ya saka masa da alheri.

Sa'an nan ya ajiye takardar ya ce, "Baba, ba zan yi maka kwana-kwana ba. An daina karɓar waɗannan tun ina firamare. Ko Legas ka kai su babu wanda zai iya canza maka, ba ni kaɗai ba."

"Amma ai na zo a lokacin. Na zo har Aflao. Ku kuka rufe ƙofa."

"Na sani, Baba."

"To, yanzu ga shi kun buɗe."

Manajan ya sunkuyar da kai. Can ya ce in Baba ya yarda, zai sayi 'yan kaɗan daga aljihunsa ya ajiye don tarihi. Na taka ƙafar Ntim a ƙarƙashin tebur, don ko kuɗin bandir ɗaya na kwano ne ai an rage. Ya janye ƙafarsa. Ya tattara takardun a hankali ya mayar gwangwani, ya bar jar naira ɗayan nan a kan tebur, ya tura ta gaban manajan.

"Ba bara na zo ba, ɗana. Riƙe wannan, ka sayi burodi."

Ya mayar da zanensa kafaɗa muka fito.

A mota, da muka kai Ejisu, ya miƙa hannu ta taga ya saya wa Dufie burodi. Ya rungume shi tare da gwangwanin, yana kallon hanya, ya ce, "Boadu, da na ji maganarka."

Shekara da shekaru ina jiran wannan kalma daga bakinsa. Da ta fito sai na ji na tsane ta. Na ce, "Rufe mana baki, tsoho. Nawa da na canza ina suke? Masara na saya, na ci, na kai masai."

Ya ɗan yi dariya, dariyar ta koma tari.

La'asar ta yi sanyi muka sauka a tasha. Teburin Dufie a kife yake, abin da ban taɓa gani ba ranar kasuwa. Wata mai lemo ta ce ana jiran mu a ginin. Muka zagaya baya, sai ga bencuna a jere a gaban bangon. Shugaban dangin su Ntim na zaune da sandarsa, ga malamin cocinmu, ga Oteng, ga Afrakoma da mijinta, ga matata ma da ba ta gaya mini komai ba. Dufie ta ci ado da farin zane mai ɗigon shuɗi. A gabanta kwalbar giya ce da farin zakara a ɗaure da ƙwarya cike da ƙwai.

Ntim ya ja ya tsaya. "Dufie, ban samo ba."

"Ban tambaye ka ba, Mewura. Zauna a ba ka ruwa."

Aka ba mu ruwa, aka gaisa bi da bi. Shugaban dangi ya ce shi dai kiransa aka yi, mai kira ta faɗi abin da ke tafe da ita. Dufie ta miƙe.

"Nana, mijina ya gina mini gida tun ina da ƙarfin daka. Ni ce na yi nauyin baki ban gode ba. Yau na kawo godiyata, in zai karɓa."

"Wane gida?" Ntim ya ce. "Ba a ba mutum gida babu rufi. So kike a yi ta yi mini dariya har a kabari?"

"Dariyar ai an gama ta, ba ta kashe kowa ba." Ta juya ta tura ƙyauren, kowa ya ga barkonon ja-ja-wur. "Dubi nan. Lokacin da kake kwance da baya, me muka ci? Ganyen gwazan ɗakin nan. Barkonon da nake niƙawa a tasha, da ake baro teburin wasu a zo nawa saboda shi, daga ina? Kuɗin jarrabawar Afrakoma, gautan ɗakin ciki ne. Kai kana ganin ba ka gama ba, ni kuwa tuni nake cin gidana. Da ka rufe shi tun farko, da yunwa ta kashe mu a inuwa."

Aka yi dariya, har shugaban dangi. Ntim bai yi ba, ya dafe gwangwanin a cinya.

"Nairar fa?" ya ce a hankali. "Shekarun nan duka."

"Wace ce ta sayi filin? Wace ce ta sayi bulon? Wadda ta yi aiki ta yi. Wannan ta rage ne ta taya ka hira." Ta durƙusa a gabansa, ta ɗora kwalbar a kan gwiwarsa. "Na gaji da tsayuwa, Mewura. Ka ba ni ko ba ka ba ni ba?"

Ya daɗe yana kallon ta. Hawaye na bin kumatunsa bai share ba. Ni dai na juya ina duban linta kamar wani abu ya same ta.

"Na ba ki," ya ce. "Fili da bango da abin da ke ciki. Ku shaida."

Shugaban dangi ya buɗe kwalbar ya zuba wa kakanni nasu a ƙasa, aka zagaya da ƙoƙo. Da ya iso kan Oteng kowa ya zuba masa ido. Ya karɓa ya sha, ya ce, "Wofa, na shaida," wato kawu, ya je ya kama hannun kawunsa. Na ce muku ba mugun yaro ba ne.

Ntim bai ga wata Ista ba. Da safe ya cika, Dufie na shafa masa man kaɗanya a ƙafa. Aka kai shi ɗakin sanyi na asibiti kamar yadda aka saba, kafin dangi su sa ranar jana'iza. A zaman kwana bakwai shugaban dangi ya fara maganar fentin gidan dangi, tunda can za a kwantar da shi mutane su yi ban kwana. Dufie ta ce a'a. Ta ce mutumin da ya gina gida ba a kwantar da shi a gidan wani, kuma ita ce mai gidan, ta gayyace shi.

Ban san wanda ya kai labari ba. Cikin makon nan tsofaffin 'yan Agege suka fara ɓullowa, daga Juaso, daga Odumase, har daga Obuasi, maginan da suka daina gani sosai da telolin da hannunsu ke rawa. Maimakon kuɗin gaisuwa, kowa da fallen kwanonsa a ka ko a bayan keke. Wani sabo, wani ja, wani da hujin ƙusa. Mijin Afrakoma ya kawo katako. Na nuna wa Dufie masu hujin, na ce mai gidan nan da yana nan da ya kore mu da su.

"Yanzu gidana ne," ta ce. "Na karɓa. Amma ɗaki ɗaya za ka rufe, Agya Boadu. Na cikin ka bar mini shi, barkonona na son rana."

Na yi shekaru ban hau sama ba, amma ban bar wa yara wannan ba. Da na ɗora ma'auni a kan bangon, bayan duk ruwa da ranar da ya sha a buɗe, ko kaurin farce bai goce ba. Na rufe ɗakin, na toshe hujojin da kwalta. Rufin ya fito dabbare-dabbare kamar zanen da aka yi wa faci, kuma ban taɓa yin aikin da na fi so kamarsa ba.

A nan aka kwantar da shi, cikin zanensa na coci, a kan gadon ƙarfe da aka aro. Da gari ya waye aka ɗan yi yayyafi, ya yi ta ƙwanƙwasa kwanon, ko ɗigo bai shigo ba. Dufie na zaune kusa da kansa, ta ɗaga ido sama, ta sunkuya ta ce masa, "Ka ji?"

Da lokacin rufe akwati ya yi, dangi suka matso da guzurin da ake ba mai tafiya, wannan ƙyalle, wancan 'yan sulalla don ya sayi ruwa a hanya. Dufie ta zo daga ƙarshe da ƙulli a farin ƙyalle. Ta kwance bakinsa, kowa ya ga tsofaffin nairorin nan. Wata tsohuwa a bayana ta yi gunaguni, wai kuɗin da ba su ci a duniya ba me za su saya a can. Dufie ta ji. Ba ta waiwaya ba, ta sa ƙullin a ƙarƙashin hannunsa, ta danne yatsunsa a kai.

"Riƙe abinka, Mewura. Inda za ka ba a rufe wa kowa iyaka."

Ni na yi akwatin, ni kuma na buga ƙusoshin. Na buga ta ƙarshe, na tsaya da guduma a hannu ina jira a ce mini can gefen ya karkace.